Malama Susana, Wadda Ta Mayar da Dawa Gari

Duk wanda ya bi hanyar Kafur zuwa Unguwar Maiwada a 'yan shekarun nan ya san ƙarar babur ɗin Malama Susana Enoch. Ɗan ƙaramin babur ne mai tari kafin ya tashi, kuma har yau ba ta yarda ya tsufa ba. Da ta idar da addu'ar safe ta kurɓi kununta, sai ta ɗaura kallabi, ta rataya jakar saƙa, ta kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba. Ba ta aika wa kowa cewa ga ta nan tafe. In ta isa gida kuwa, ba ta jira a shimfiɗa mata tabarma a zaure. Sallama ɗaya za ta yi ta zarce wajen murhu, ta tsuguna kusa da matar gida tana tambayar kwanan yara, tana taɓa toka da bayan hannu kamar ba da gangan ba. Matan ƙauye sun daɗe da gano ta. Cewa suke yi Malama ba mutane take zuwa gaisarwa ba, tukunya take zuwa gaisarwa.

Makon jiya ne Malama ta ajiye aiki, bayan ta shafe kusan shekara ashirin tana hidimar yaran da iyayensu suka faɗa hannun burukutu ko ƙwaya. Ba a taɓa kiran sunanta a rediyo ba, kuma na san in ta ga rubutun nan za ta ce an ɓata takarda. Sai dai ta yi haƙuri, domin akwai abin da ta yi a shekarar da aka yi fari, 1984, wanda bai kamata a bari ya tafi da ita gida shiru ba.

Asalinta malamar firamare ce. A aji ta fara lura cewa washegarin kasuwa akwai yaran da ke kifa kai a kan benci suna barci, in ta tashe su sai ta ga ba barci ba ne, yunwa ce. Ta bi sawu ta gano gidajensu. Wani uban yana gidan giya tun la'asar, wani kuma ƙwaya yake haɗiya don ya jure ƙwadago a gonar auduga, in ta sake shi ya kwanta kamar gawa. Ita ce ta yi ta zirga-zirga har aka kafa wani ɗan kwamitin taimako, na dattawan coci-coci da 'yan kasuwar Funtua, Kirista da Musulmi. Suka naɗa Baba Adebayo shugaba, wani mai sayar da kayan keke, haifaffen Funtua, wanda in yana ciniki da Hausa sai Bahaushe ya rasa ta cewa. Shirin nasu mai sauƙi ne: duk gidan da shaye-shaye ya kama, a riƙa kai masa buhun dawa lokaci zuwa lokaci don kada yara su kwana da yunwa. Aka ɗauki Malama ta bar aji ta riƙa kula da gidajen.

Shekaru aka yi ana haka, kowa yana jin daɗi. Ranar rabo a yi addu'a, a sauke buhuna daga mota, magidanta su karɓa su yi godiya, a tafa. Da damina ta ƙi a shekarar farin nan, hatsi ya yi tsada, sai masu bayarwa suka fara tambayar abin da ya kamata su tambaya tun farko, wato ko shirin nan yana yi wa yaran amfani. Malam Shitu, mai injin niƙa, shi ya fi kowa matsawa a kwamitin. Ya ce in ba ya aiki a rufe siton, a tara abin da ake da shi a buɗe gidan renon yara a gari, a kwaso waɗanda suka fi galabaita a ajiye su inda za a ga abin da suke ci. Baba Adebayo ya ce a fara dubawa tukuna, kuma Malama ce za ta duba. Wasu suka yi murmushi, suna ganin an sa mai abu ta yaba abinta.

Ba su san ta ba. Malama ta ce buhunan da suka fita daga sito kowa ya gan su, abin da ba a gani ba shi ne ko sun shiga cikin yara. Ta samo zaren auduga, ta riƙa bi gida-gida tana zagaya shi a damtsen kowane yaro, ta ƙulla daidai inda ya haɗu, ta ba uwar ta rataye a ɗaki. In ta dawo sai a ciro a sake gwadawa. Tana duba gashin yaro ko ya yi ja, tana tambayar malamai wa ke fashin makaranta, tana tsayawa da yamma ta ga waɗanne yara ne ke wasa, waɗanne ne ke zaune jingine da bango suna kallo. Kuma takan zo ne washegarin kasuwa, ranar da babu wanda ya shirya wa baƙo.

Gidan da ya fi tsaya mata a rai shi ne na Yunis. Yunis manomi ne na gaske, in ya kama garma ya yi huɗa sai mutum ya tsaya kallo, kuma in yana cikin hankalinsa ba ka da mai fara'a irinsa. Amma burukutu ta riga ta yi masa ɗaurin akuya, da kaka kuma ya haɗa da ƙwaya. Matarsa Rahab mace ce mai kawaici, da 'ya'yansu biyu, Nana da ƙaninta Matta. Ba a daɗe da kai musu buhu ba Malama ta je. Ta taɓa toka ta ji ta sanyi ƙalau. Aka ciro zaren Matta aka zagaya, sai ga shi yana lilo a hannun yaron. Ta tambayi Rahab ko akwai sauran dawa a rumbu. Rahab ta sunkuyar da kai, ta ce ita ba ta leƙa rumbu, maigida ne ke ɗiba ya ba ta, kuma kwana biyu bai ɗiba ba.

Nan fa Malama ta gano bakin zaren, domin ita ma 'yar ƙasar ce, ta san dokar. Tsabar hatsi ta namiji ce. In buhu ya shigo gida hannun maigida yake shiga, rumbu nasa ne, mace ba ta buɗe shi sai da izini. Kwamitin kuwa, don girmama magidanta, a hannunsu ya riƙa danƙa buhunan, ita kanta tana tsaye tana tafi.

Ba ta sha wahalar neman inda dawar ta tafi ba. A bayan gari akwai gidan Inna Uwa, tsohuwar da ke dafa burukutu tana ciyar da jikokinta da ita. Malama ta yi sallama ta shiga da rana tsaka, abin da ya sa masu zaman gindin mangwaro suka ɓoye ƙoƙunansu a bayan ƙafa kamar yara. A tsakar gida ga dawa nan an jiƙa an baza, ta fitar da fararen tsiro. A kan danga kuwa ga buhu a shanye da jan fentin kwamiti a jikinsa. Inna Uwa ko gezau. Ta tura mata kujera ta ce ta zauna.

"Inna, dawar yara ce wannan," in ji Malama.

"'Yata, ni ban shiga gidan kowa na ɗauko ba. Da ƙafarsu suke kawo mini. Ku ne kuka ɗauki tsaba mai kyau kuka miƙa wa mai ƙishirwa. Ni tsaba nake karɓa, mai rai, wadda in na jiƙa za ta tsiro. In ba ta tsiro ba babu giya. Kawo mini gari ki gani in zan karɓa, ko da kyauta ne."

Malama ta ce ta fito daga gidan nan da fushi da kunya da kuma wani abu na uku da ba ta san sunansa ba sai da ta hau babur. Tsohuwar ta faɗa mata gaskiya, kuma ta ba ta dabara ba tare da ta nufa ba. Amma kafin dabara akwai magana mai ɗaci a gabanta. Ta zagaya sauran gidajen, ta tarar fiye da rabinsu labarin ɗaya ne. Wani wajen mai giya buhun ke tafiya, wani kasuwa don a sayi ƙwaya. A wasu 'yan gidaje ma uwar ce ke sha. Shirin da ta kafa da hannunta, wanda ake yabonta a kansa, ashe shekara da shekaru yana cika tukwanen giya.

Labari ba ya ɓuya a ƙauye. Ranar Lahadi bayan sujada Rahab ta tare ta a bayan coci, ta durƙusa har ƙasa. Ko a wannan hali ba ta iya kama sunan 'yar farinta ba.

"Malama, don girman Allah ki ce wa 'yan kwamiti muna ci. An ce in kika faɗa za su zo da mota su kwashe yara. In suka ɗauke mini yarinyar nan da ƙaninta, me ya rage mini a gidan?"

Malama ta ɗaga ta, ta kakkaɓe mata zani. "Ba zan ce kuna ci ba, Rahab, don ba kwa ci. Amma muddin ina da bakin magana, ba za a raba ki da su ba sai an gwada wata hanya."

Rahab ba ta ji daɗin amsar ba, ta tafi tana share hawaye. Malama ta gaya wa wata ƙawarta cewa a duk shekarunta na aiki ba ta taɓa jin sha'awar yin ƙarya ba kamar ranar. Ƙaryar ma mai sauƙi ce, kowa zai so jin ta, buhuna za su ci gaba da zuwa, ba wanda zai taɓa 'ya'yan kowa. Sai dai Matta zai ci gaba da ramewa a gaban uwarsa, kuma wata rana ba mota ce za ta ɗauke shi ba.

An yi zaman kwamitin a wani aji a Funtua. Waɗanda suka halarta sun ce Malama ba ta yi kwana-kwana ba. Ta miƙe ta ce shirin nan ita ta kawo shi, ita ta tsaya a kansa, kuma bai yi aiki ba. Ta faɗi abin da ta gani gida-gida, ta ambaci 'yan gidajen da buhun ya amfana don kada a ce ta yi kuɗin goro, sannan ta ajiye buhun nan mai jan fenti a kan tebur, ta faɗi inda ta samo shi. Wani dattijon coci ya rufe fuska da hula. Malam Shitu ya ce to magana ta ƙare, a rufe sito a nemi gidan da za a sa yaran.

Malama ta ce ba ta gama ba. Ta ce laifin ba na dawa ba ne, na hannun da aka miƙa wa ne da kuma siffar da aka miƙa ta. A daina ba da tsaba, a niƙa ta gari, a gauraya da garin wake. Gari ba ya tsiro, don haka mai giya ba ta so. Gari kuma, kowa ya sani, kayan mace ne, ɗakinta yake shiga, babu namijin da zai ɗauki ƙwaryar gari ya ratsa kasuwa da ita mutane suna kallo. A riƙa ba uwa kaɗan-kaɗan duk mako, ta zo da yaran a gan su. Inda uwar ce ke sha, a ba kaka ko maƙwabciyar da ake yarda da ita. Ta roƙi a ba ta zuwa kaka mai zuwa. In zare bai matse a hannun yara ba, ta ce, ita da kanta za ta goyo su a babur ta kawo su gidan renon, ba sai an tura mota ba.

Aka yi ta ja-in-ja. Wasu suka ce cin fuska ne a tsallake maigida a ba matarsa, kuma ba su yi ƙarya ba. Baba Adebayo ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce wadda ta iya tsayawa ta kushe aikin kanta a gaban masu ba ta hatsi, ya fi yarda da idonta a kan nasa. Abin mamaki, Malam Shitu da ya fi kowa son a rufe, shi ya ce in dai niƙa ce a kawo injinsa, ba zai karɓi ko sisi ba, amma da kaka zai tambaya, kuma ba zai ji kunyar kowa ba.

Saura Yunis. Da ya ji labari ya yi tsalle ya dire. Ya ce an mayar da shi baƙo a gidansa, an tona masa asiri a Funtua, kuma in Rahab ta kuskura ta je karɓar garin nan ta wuce gidan ubanta. Makon farko Rahab ba ta zo ba. Malama ba ta kai ƙararsa wajen fasto ba, ba ta kuma tara masa dattawa ba. Ta bari sai da safe, lokacin da kansa ke sarari, ta same shi a gona shi kaɗai yana gyaran kunya. Ta gaishe shi da aiki, ta yaba huɗar, don ta cancanci yabo. Ya ƙi ɗago kai.

"Malam Yunis, ban zo yi maka wa'azi ba, ka sha jin sa. Buhun nan dama ba naka ba ne, na Nana ne da Matta. Da kaka za a zo a duba hannunsu. In sun yi ƙiba suna nan tare da kai, in ba su yi ba ni zan ɗauke su, na riga na yi alkawari. Ba na so in cika shi."

Ya daɗe yana sara ƙasa da fartanya a wuri ɗaya. Can ya ce, yana kallon gabas, shi ba ruwansa da gari, gari sha'anin mata ne, abin da ya shiga ɗakin mace shi bai saba tambayarsa ba. Malama ta gane an buɗe mata ƙofa ba tare da an ce an buɗe ba. Ta ce haka ne, ta yi masa sai an jima. Mako na gaba Rahab ta zo da ƙwaryarta da yaranta biyu.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya zama daidai. An samu inda aka sayar da garin ga masu tuwon kasuwa. An samu gidaje biyu da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Malama ta ɗauki yaran ta kai su wajen dangi a Danja da Dandume, tana kuka suna kuka, kuma ta faɗa wa kwamiti ba ta ɓoye ba. Amma da kaka ta zo, Baba Adebayo da Malam Shitu suka biyo ta ba sanarwa, washegarin kasuwa, kamar yadda ta gindaya musu. Gidan Yunis suka fara shiga. Suka tarar da hayaƙi a murhu, Nana tana shirin makaranta, Matta yana bin 'yan tsaki da gudu. Da ƙyar aka kamo shi. Rahab ta shiga ɗaki ta ciro zaren Matta. Malam Shitu ya ce a ba shi ya gwada da kansa. Ya zagaya, ya ja, ya sake ja, ƙullin ya ƙi kaiwa. Ya dubi Rahab ya ce ta kwantar da hankalinta, babu inda za a kai mata yara. Rahab ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska da zani.

Malama Susana, ke ce mai shiga gida ta wajen murhu. Ke ce kika koya mana cewa taimako ba a auna shi a bakin sito, a jikin yaro ake auna shi. Ke ce kika ƙi sayen yabo da yunwar 'ya'yan mutane, kika gwammace ki tsaya a tsakiyar aji ki ce na yi kuskure. Ba ki raina mashayi ba, ba ki kuma bar masa abincin ɗansa ba. Tun daga shekarar nan ba ki yarda a wuce kaka ba a sake duba shirin ba, har lokacin da kowa ke cewa ai yanzu yana tafiya lafiya. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi, ko da yake mun san ba zama za ki yi ba.

Ga masu kwamitoci da ƙungiyoyi da ofisoshi, masu raba buhuna a ƙasar nan tamu ta noma, hanya ce aka share muku. Bayarwa tana da daɗi, ana tafa wa mutum. Komawa a duba ba ta da daɗi, domin wani lokaci abin da za ka tarar aikinka ne a shanye a dangar mai giya. Ku koma duk da haka, ku dubi yaran da idonku, in kun tarar bai yi ba ku faɗa da bakinku kafin wani ya faɗa, sannan ku gyara.

A walimar da aka yi mata a Unguwar Maiwada an yi jawabai da yawa, har da na Nana, wadda yanzu take sakandare a Malumfashi. Ana shirin addu'ar rufewa sai aka ga Yunis ya miƙe daga baya. Mutane suka fara kallon juna, don kowa ya san ya bar ƙwaya amma shi da burukutu har yanzu ana ɗan gaisawa. Ranar dai garau yake. Ya cire hula ya riƙe da hannu biyu.

"Ni ban iya jawabi ba. Malama ta ƙwace mini buhu, na yi shekara biyu ba na amsa gaisuwarta. Amma ta bar mini 'ya'yana a gida, sun girma ina ganinsu. Wanda duk zai gaje ta, ina roƙonsa, ya riƙa zuwa gidana ba sanarwa. Ko na ɓata rai, ya shigo."